Yatsun Da Na'ura Ta Ƙi Karantawa: Ɗan Birchi A Ƙofar Jami'a

Sau huɗu yaron yana ɗora babban yatsansa a kan gilashin na'urar, sau huɗu tana ƙin karɓa. Ma'aikacin cibiyar ya kamo hannun, ya juya tafin, ya dube shi ya ce, "Kai bakanike ne?" Yaron ya yi murmushin kunya, ya sunkuyar da kai. Aka ce ya fita ya wanke hannu da omo, ya goge sosai ya dawo. Baƙin mai ya riga ya zauna a zanen yatsun, bakin sifana da sukundireba kuma sun cinye fatar. Sai a karo na shida na'urar ta yarda cewa wannan mutum ne mai yatsu.

A farkon shekarar 2024 ne, a wata cibiyar rajistar JAMB a Dutsin-Ma. Ɗan yayata ne na rako daga Birchi. Ɗan fari ne, uwarsa ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan", don haka ni ma zan bi sahunta. A layin mata kuma ana ta fama da wata matsalar: lalle. Hukumar ta sha gargaɗin kada a zo da ƙunshi a yatsu, amma biki ba ya jiran JAMB.

Da aka gama da yatsu, sai ma'aikacin ya yi tambayar da ta kawo mu, idonsa na kan allon kwamfuta: "Wane kwas?"

Yaron ya waiwayo ya dube ni. Na kawar da kai. Ya ce, "Medisin."

Aka danna. Ingilishi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Duka-duka abin bai kai lokacin shan kofin koko ba. Daga yadda ma'aikacin bai ko ɗaga kai ba, na san ba shi ne likitan farko da ya yi wa rajista a safiyar nan ba.

A mota, kan hanyar komawa, na ce masa, "Kai, tsakani da Allah likita kake son zama?"

"Kawu, ai Baba ya ce."

"Ni kai na tambaya."

Har muka sauka a Birchi bai ƙara cewa uffan ba. Daga baya na gane ba taurin kai ba ne ya hana shi magana. Shekara goma sha takwas yana duniya, ba a taɓa yi masa wannan tambayar ana jiran amsa ba.

Birchi tana cikin Ƙaramar Hukumar Kurfi, tsakanin garin Kurfi da Dutsin-Ma. Idan maganar makarantu ce, ɗan wannan yanki na yau ya fi ubansa gata nesa ba kusa ba. A zamaninmu, duk mai son digiri sai ya ɗauki akwati ya nufi Zariya, ko Kano, ko Sakkwato. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a bakin ƙofa, ɗaya daga cikin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011. A garin dai ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan Wazirin Katsina wanda ya riƙe ministan ilimi na Jihar Arewa. Idan aka miƙa Katsina, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, ga Alƙalam, ga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Mai son aikin lafiya yana da makarantar Kankiya, mai son ungozoma tana da ta Malumfashi. Ƙasar da aka buɗe Kwalejin Katsina tun farkon shekarun 1920, wadda ta rikiɗe ta zama Barewa, ba baƙuwar boko ba ce. Kurfi kanta ta fitar da irin su Dakta Ahmadu Kurfi, wanda ya riƙe sarautar Maraɗin Katsina, ya kuma riƙe sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979.

Ƙofofi dai sun yi yawa. Wanda zai tsaya ya nuna wa yaro wadda ta dace da shi ne ya yi ƙaranci.

Abin da fom yake tambaya

JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce mashigar kowa. Tun 2015 jarrabawarta ta koma kwamfuta gaba ɗaya, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Yaro zai aika saƙon tes zuwa 55019 da layin wayarsa, a turo masa lambar da zai sayi fom da ita, kuma wannan layin ya zama kamar cibiyarsa: in ya ɓata, ya shiga uku. Ranar jarrabawa tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, 40-40 na sauran darussa uku, maki 400 gaba ɗaya. Bayan wannan sai kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu. Sai tantancewar jami'a. A jami'o'in tarayya ana raba guraben ne kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin na baya a karatun boko, Katsina na cikinsu. Tun 2017 kuma komai yana bi ta manhajar CAPS, inda ɗalibi zai ga an ba shi gurbi, ya danna ya karɓa ko ya ƙi.

Na karanta takardar da aka buga mana a cibiyar tun daga sama har ƙasa. Suna, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, darussa, zaɓin makaranta. Babu layi ɗaya da ya ce: me ka iya? Me kake yi idan an tashi daga makaranta? Me ya sa kake son wannan kwas ɗin?

Da an tambayi yaron nan, da ya sami abin faɗi. Tun yana aji uku na ƙaramar sakandare yake zuwa rumfar wani mai gyaran injin ban ruwa da janareto bayan la'asar. Da wankin fulogi ya fara, ya koma kwance karbureta, har ya kai yana sauya ringi da fistin shi kaɗai. Ya san injin da ke shan mai daga jin ƙararsa. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka, masu noman rani suka rasa yadda za su yi, sai aka shiga mayar da injina su koma aiki da tukunyar gas. Shi ne ya fara koyo a rumfar, ta hanyar kallon bidiyo a wayar aro, sannan ya nuna wa ogansa. Duk wannan bai da maki ko ɗaya a ma'aunin shiga jami'a. A gida ma sunansa "wasa da ƙarafa".

A gaskiya zaɓin kwas ba a cibiyar rajista ake yinsa ba. An gama shi tun shekara uku kafin nan, ranar da aka shiga aji ɗaya na babbar sakandare aka raba yara: 'yan sayans nan, 'yan at can, 'yan kasuwanci in makarantar tana da su. Yadda rabon yake tafiya kowa ya sani. Mai ƙoƙari sayans, ko yana so ko ba ya so. Wanda ya rage a tura shi at, kamar dai lauya da alƙali da ɗan jarida daga ragowar tukunya ake ɗebo su. Tsarin ilimi na ƙasa, tun daga kundin 1977, ya tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare, wanda zai zauna da yaro ya gano inda ya fi karkata. A makarantun karkara da yawa da na sani, in ma akwai mai wannan muƙami, za ka tarar shi ne malamin lissafi na aji shida, shi ne mai kula da wasanni, shi ne mai bulalar 'yan latti.

Kuma a tuna irin shekarun da wannan sahun yaran suka ratso. Korona ta rufe makarantu a 2020. Ba a gama farfaɗowa ba, a watan Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, makarantun kwana suka watse. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Kurfi da Dutsin-Ma, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. Yaron da ya yi sakandare a cikin wannan hali, ranar da ya zauna gaban kwamfutar JAMB, da ɗan Legas da ɗan Abuja yake takara, agogo ɗaya ke ƙirga masu minti 120. Wasu a cikin abokansa ranar gwaji suka fara taɓa linzamin kwamfuta. Sa'arsu ɗaya, an tsara jarrabawar yadda za a iya yinta da 'yan maɓallai kaɗan: A, B, C, D na amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa.

Inda ake cewa yaro ya faɗi ko shi wane ne

A wasu ƙasashen ana yin wannan tambayar da fom ɗinmu ya tsallake. A Amurka, mai neman jami'a ta manhajar Common App yana rubuta labarin kansa da bai wuce kalma 650 ba: abin da ya dame shi, abin da ya koya daga faɗuwa, yadda ya sauya. A Ingila, hukumar UCAS tana ba ɗalibi haruffa 4,000 ya yi bayanin kansa, kuma daga masu shiga a 2026 an mayar da abin tambayoyi uku: me ya sa kake son wannan kwas, yaya karatunka ya shirya ka, sannan me ka yi a wajen makaranta da zai taimake ka. Wannan ta ukun, da a ce an yi wa ɗan yayata ita, da takarda ba ta ishe shi ba.

Ko kuwa da ya kasa rubuta ko layi ɗaya? Na daɗe ina juya wannan. Mu mun tashi ne a kan cewa yabon kai jahilci. Yaron kirki shi ne wanda in manya na magana yake duban ƙasa, in an tambaye shi me yake so ya ce "duk abin da kuka ce". Kunya da kara su ne ma'aunin tarbiyya, kuma ban raina su ba, su suka riƙe gidajenmu. Amma kada a ce Bahaushe bai san bayyana kansa ba. Ɗan dambe yana shiga fage ya yi wa kansa kirari, mafarauci haka, ɗan tauri haka. Ya faɗi gidan da ya fito, ya faɗi wanda ya kayar, ya faɗi abin da ya iya, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya, domin fagen ne ya ba shi dama. Ɗan makaranta ne kawai ba mu share wa fage ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a kwaso tsarin Amurka a dasa mana. Can ma masu kuɗi hayar ƙwararru suke yi su gyara wa 'ya'yansu rubutun, kuma a 2019 an gurfanar da attajirai da taurarin fim a kotu kan sayen gurabe da ƙaryar wasanni da satar jarrabawa. Yanzu kuma ga ChatGPT, wanda zai rubuta maka labarin wahalar da ba ka taɓa sha ba cikin ƙiftawar ido. A ƙasar da ake da cibiyoyin da ake biya a rubuta wa yaro NECO, ranar da aka ce labarin rayuwa yana da maki, kafin sati ya zagayo kowane shagon intanet zai kafa allo: ana rubuta tarihin rayuwa, marayu da ragi. Makin JAMB, duk da bushewarsa, bai san ɗan wane ba. Ɗan mai gyaran keke da ya ci 300 ya ci, ba mai ƙwace masa. Don haka ni ban damu jami'a ta tambayi yaro ko shi wane ne ba. Damuwata a tambaye shi a gida da makaranta, tun kafin ya isa gaban mai danna kwamfuta.

Sakamakon JAMB ya fito, yaron nan ya ci 187. A shekarar mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi 140 ne, don haka a takarda ya haye. Amma likitanci ba a ko kallon mai irin wannan makin. Kuma ba shi kaɗai ba ne: a shekarar da ta biyo baya, 2025, a sakamakon farko da hukumar ta fitar, cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa kimanin 12,000 ne a faɗin ƙasa. Guraben likitanci ƙididdigaggu ne, hukumar kula da likitoci ce ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka.

Sai aka shiga abin da kowane gida ya sani, canjin kwas. A nan ne na ga illar amsar da ya bayar cikin daƙiƙa biyu. Na ce to, tunda ƙarfe yake so, a mayar da shi injiniya. Ashe ba dama. Injiniya na bukatar lissafi a cikin darussan JAMB, shi kuwa Bayoloji ya rubuta a gurbinsa. Abin da ya rage masa su ne kwasa-kwasan da ake jibge duk wanda likitanci ya tankaɗe: Bayoloji, nazarin ƙananan halittu, da makamantansu. Ba laifin kwasa-kwasan ba ne, akwai waɗanda suka shige su da so suka yi fice. Amma ka shiga aji ɗaya na irin waɗannan sassa a kowace jami'a ka ce wanda ya zaɓi nan da kansa ya ɗaga hannu, ka ga hannu nawa za su tashi. Shekara huɗu mutum yana karanta abin da bai nema ba, ya fito yana jin haushin takardar da ke hannunsa.

Akwai kuma aikin gona, wanda darussansa suka ba shi damar shiga. Jami'ar Dutsin-Ma da tsangayar aikin gona ta fara, tana da sashen kiwon kifi, ga madatsar ruwa ta Zobe da aka kammala tun 1983 a kan kogin Karaɗuwa tana kwance kusa da garin. A hankalce babu kwas ɗin da ya fi wannan dacewa da yankin. Da na ambata, mahaifinsa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Noman da nake yi ban je jami'a ba, shi zan biya kuɗi a koya mashi?"

Kada a yi saurin ganin laifin mahaifin. Manomi ne, yana ɗan taɓa awon hatsi. Ragon da ya turke don layya ya sayar ya biya kuɗin lesin. Ya taɓa kwana a barandar asibiti da mara lafiya ana jiran likita ɗaya tilo ya zagayo. Yana ganin masu digiri suna acaɓa, wasu suna zaune a ƙarƙashin lema da na'urar POS, amma bai taɓa ganin likitan da ya rasa aiki ba. Lissafinsa na mai iyali ne: in ɗaya ya tsaya da ƙafafunsa, ya ja ƙannensa bakwai. Idan ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, yana da hujjarsa. Inda muka saɓa da shi kawai, shi ya hango inda ake so a je, bai duba ƙafar mai tafiyar ba.

Shekarar zaman gida

Yaron ya ce ba zai karɓi canjin ba, zai sake rubutawa. Wannan shi ne karo na farko da na ji ya ce "ba zan" a kan wani abu. Ba a gaban ubansa ya faɗa ba, ga uwarsa ya faɗa, ita kuma ta kira ni.

Mutane suna kiran irin wannan shekarar asara. Ga wasu haka ne, domin a nan ake koyon zaman majalisa da abin da ya fi zaman majalisa muni. Shi kam a nan ya girma. Ya koma rumfa cikakken yini. Lokacin sola ta fara shiga lambuna, masu hali suna sayen famfo mai aiki da rana don su huta da sayen mai. Ogansa bai iya lissafin abin ba, sai ya riƙa tura shi. Wata rana na tarar da shi zaune a kan benci da tsohon littafin rubutu, ya zana layuka: ƙarfin famfo, zurfin rijiya, faranti nawa za su ɗauke shi, kaurin wayar da ba za ta yi zafi ba. Ya taɓa yin kuskure ya haɗa faranti ba daidai ba, na'urar wani mai lambun tumatir ta ƙone, aka yi wata biyu ana cire kuɗin daga ɗan abin da yake samu. Bai gudu ba. Shi da kansa ya je ya ba mai lambun haƙuri. Tun daga ranar ya ɗauko littafin Fiziks ɗinsa na aji biyar, babin lantarki da ya haddace don jarrabawa ya manta, ya zauna ya karanta shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce mani, "Kawu, ashe abin nan da Malam yake rubutawa a allo, shi ne wannan." Lissafin da ya tsana shekara shida, sai ga shi yana bin wani ɗalibin kwalejin Isa Kaita har gida da dare a koya masa.

Saura ubansa. A wurinmu ɗa ba ya zama ya ja da mahaifinsa, sai dai ya nemi mai shiga tsakani. Ni aka aika. Bayan isha'i muka zauna a zaure, na yi ta kewaye-kewaye, daga farashin taki har na iso kan magana.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wato kai da 'yar'uwarka kun gama shawara."

"A'a Yaya, shawara tana wurinka. Roƙo na zo yi."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ku je ku yi yadda kuka gani. Amma kuɗin fom ɗin bana ba daga aljihuna ba."

Ban ce ya gamsu ba, har gobe in maganar ta taso yakan ce da an bi tasa. Kuɗin rajistar 2025 naira 7,200 ne ga wanda ba ya son jarrabawar gwaji, 8,700 ga mai so. Yaron ya ƙirgo na mai gwajin daga gwangwanin da yake tari. Wannan karon ban raka shi ba, ya ce zai iya. Ya sa injiniyan aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma sa kwalejin fasaha cikin zaɓinsa. Makinsa ya ɗaga, ya wuce 200, amma bai kai shi Zariya ba. Kwalejin fasahar ce ta ɗauke shi, sashen lantarki. Difloma zai fara yi, in ya ci da kyau ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Hanya ce mai tsawo, kuma a ƙasar nan har yanzu ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma a wurin ɗaukar aiki, ban ɓoye masa ba. Ya cike neman bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara bayarwa a 2024. Ranar Juma'a yakan dawo gida, Asabar da Lahadi yana lambuna da akwatin kayan aikinsa a bayan babur.

Akwai ƙanwarsa.

Ita tana aji biyar, ajin sayans, domin ita ma tana ɗaukar na ɗaya. An riga an yanke cewa nas za ta zama ko ungozoma, kuma wannan zaɓi ne mai daraja a yankin da mace ke son mace ta karɓi haihuwarta. An kuma yanke inda za ta yi karatun: inda akwai dangin da za ta zauna a hannunsu. Tun da aka shiga gidan da ɗalibai ke haya a Dutsin-Ma a watan Oktoban 2023 aka ɗauke 'yan mata biyar na jami'ar, iyaye da yawa a yankin suka ƙara ja baya da maganar 'ya mace ta kwana a waje. Wanda bai haifa ba ne kaɗai zai ga laifinsu. Ga ɗiya mace, ban da maki da kuɗi, akwai hanya, akwai masauki, akwai kuma masu sallama a ƙofar gida da ke ƙirga shekaru.

Abin da ba a sani ba a gida sai uwarta, yarinyar rubutu take yi. Littattafan makaranta masu shafi 80 ta cika guda uku da labarai, ƙawayenta na islamiyya suna karɓa bi da bi, suna dawo mata da su gefen duk ya naɗe. Ta san Bilkisu Funtuwa 'yar jihar nan ce. Ta san BBC Hausa tana gasar Hikayata ta mata zalla tun 2016. Na gaya mata Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja ya shiga gasar 1933, ta ce ai malamin Hausarsu ya faɗa masu. Amma ta kuma san abin da ake cewa duk wanda ya je jami'a ya karanta Hausa: Hausar da ka tsotsa a nono? Masu faɗin haka su ne dai za ka gani da asuba sun manna rediyo a kunne, suna sauraron waɗanda Hausar ta kai Landan da Bon.

Ranar da na je yi wa yayanta sallama zai koma makaranta, ta kawo mani ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta tashi ba. Ta jira uwarta ta shiga madafi, sannan ta rage murya.

"Kawu, in mutum yana ajin sayans, zai iya rubuta Hausa a JAMB?"

Na ce sai mun duba kundin hukumar mun ga darussan da sashen yake nema, kuma gara mu duba tun yanzu, kafin a tura sunayensu na WAEC da NECO. Ta ce ta riga ta duba a wayar yayanta. Hausa da darasin addini tana yin su, ɗaya ne ya rage mata, kuma ta yi magana da malamar da ke koyar da shi a ajin at, ta ce ta riƙa zuwa tana zama a baya.

"To me ya rage?" na ce.

Ta dubi ƙofar zaure, inda takalman mahaifinta suke ajiye.